Kuɗin dashe da kuɗin raino: wa ke ɗaukar nauyin dazukan Kano?

Da zarar damina ta zauna, a watan Yuli ko Agusta, labarin dashen bishiyoyi kan cika gidajen rediyon Kano. A 2024 gwamnatin jiha ta sanar da shirin dasa bishiya miliyan 3. A watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji masu ɗauke da makamai a faɗin ƙasar nan. Kafin nan, a ƙarshen 2020, gwamnatin Muhammadu Buhari ta sa Falgore cikin dazuka goma da za a mayar gandun daji na ƙasa. Ga kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na gyara ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa, wanda ba a ambatonsa sai da miliyoyin daloli. Magidanci a Kurna ko Ɗorayi yana jin duk wannan, sannan ya fita cefane ya tarar buhun gawayi ya ƙara kuɗi, titin unguwarsu kuma babu inuwar da za a raɓa. Dole ya tambaya: ina kuɗin ke tafiya, kuma wa ke da alhakin dajin tun farko?

Waɗannan sanarwa huɗu ba daga ofis ɗaya suka fito ba. Kowace da hukumarta, da aljihun da ake ciro kuɗinta, da abin da take son cimmawa. Sai an rarrabe su kafin a gane inda lissafin ke tsinkewa.

## Me ake nufi da kula da daji mai ɗorewa?

Mutane da yawa suna ɗauka maganar hana saran itace ce. Malaman daji ba haka suke nufi ba. A wurinsu daji abin amfani ne, ana sara, ana kiwo, ana ɗiban magani da zuma, da sharaɗin abin da aka cire a shekara kada ya wuce abin da dajin ya tofo a shekarar. Ɗan kasuwar Kwari zai gane wannan nan take: ana cin riba, ba a taɓa uwar kuɗi.

Yin hakan yana buƙatar ayyukan da ba sa fitowa a hoto. Sai an san iyakar dajin an kafa mata alama. Sai an shiga an ƙirga, a san irin itatuwan da ke ciki da kaurinsu da saurin girmansu. Daga nan a raba dajin kashi-kashi, a sari wannan bana, a bar shi shekaru yana farfaɗowa kafin a dawo kansa. A share layin da zai tare gobara kafin iskar hunturu ta taso, a kuma tsara lokacin da shanu za su shiga da lokacin da za a hana su, domin sabon toho ba ya jure kiwo. Kowanne daga cikin waɗannan albashi ne da man babur da ake biya duk wata.

Akwai kuma bambancin wurare da labarai ke cakuɗawa. Gandun daji na jiha fili ne da doka ta keɓe, ana iya saran itace a cikinsa da izini. Gandun namun daji, kamar yadda aka mayar da Falgore a ƙarshen shekarun 1960, an fi tsananta masa saboda dabbobi. Gandun daji na ƙasa yana hannun gwamnatin tarayya, kuma dokarsa ta hana farauta da sara da kiwo gaba ɗaya. Shingen bishiyoyi dogon layi ne da ake dasawa don karya ƙarfin iska. Sai na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi alhali shi ya fi yawa a ƙasar Kano: bishiyoyin cikin gona, su ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da kanya, waɗanda manomi ya gada ko ya bari suka girma.

## Daji na wane ne?

Turawan mulkin mallaka ne suka fara keɓe gandun daji da doka, musamman dokokin 1916 da 1937. A Arewa an ɗora yawancin aikin a kan En'e, wato hukumar mulkin gargajiya da ke ƙarƙashin sarki. Malamin daji yana aiki ne tare da hakimi da dagaci, kuma wanda aka kama da laifi kotun alƙali ake kai shi. Tsarin yana da zaluncinsa, domin an raba wasu ƙauyuka da filayensu ba tare da shawara ba, amma an san wanda za a tuhuma idan iyaka ta motsa. A wannan zamani aka keɓe dajin Kogin Kano, a 1949, wanda daga baya ya zama Falgore.

Garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa duk filayen jiha a hannun gwamna. Tun daga nan alhakin ya rabu uku. Tarayya tana tsara manufa, kamar Manufar Dazuka ta Ƙasa ta 2006 da aka sabunta a 2020, tana riƙe da gandun daji na ƙasa da cibiyar binciken dazuka mai hedikwata a Ibadan, wadda ke da tashar binciken shingen bishiyoyi a nan Kano. Jiha ce ke da gandun dajin da kansu, ita ke ba da izinin sara, ita kuma ke da ikon fitar da wani yanki daga gandu a mayar da shi gona ko fuloti. Ƙananan hukumomi suna da nasu ƙananan dazukan. Masu sarauta, waɗanda su ne suka san kowace kuka da sunanta, an bar su da ba da shawara.

Sakamakon wannan rabo shi ne wanda ya fi kuɗi ba shi da filin, wanda ke da filin kuma yana da buƙatun da suka fi daji ƙara a kunnensa: albashi, makarantu, asibitoci, tituna. Ga gwamnan da wa'adinsa shekara huɗu ne, maɗacin da zai yi shekara talatin kafin ya isa sara ba shi da ƙuri'a.

## Murhun birni

Duk wata magana a kan dazukan Kano tana dawowa kicin. Birnin yana ɗauke da mutane sama da miliyan 4 bisa ƙiyasi, kuma bayan gidaje akwai gidajen burodi, masu gurasa, masu tsire da balangu, masu shayi, masu tuyar ƙosai, makarantun kwana, da girkin biki. An janye tallafin kananzir a 2016. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kilon gas ɗin girki ya haura naira dubu, gidaje da yawa suka ajiye tukunyar gas suka koma kurfoti.

Gawayi ya fi itace cin daji. A irin ƙonar gargajiya, inda ake tara gungume a rufe da ƙasa, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Masu ƙonar kuma ba kowane ice suke so ba. Ƙirya da marke da kaɗanya suke nema, masu nauyi da daɗewar garwashi, waɗanda su ne kuma masu jinkirin girma. Idan aka ƙone kaɗanya ɗaya, an raba matan ƙauye da man kaɗen shekaru masu yawa don kuɗin mako guda.

Wani bincike da aka yi a shekarun 1980, wanda masana daga Jami'ar Bayero suka shiga ciki, ya gano abin da ya ba mutane mamaki a lokacin. An zaci gonakin da ke kewaye da birnin za su zama fayau saboda yawan jama'a. Sai aka tarar manoman karkarar Kano suna riƙe da bishiyoyinsu, suna sassabe reshe su bar uwar, domin ɗorawa tana ba su kalwa, kuka tana ba su miya, gawo yana ba dabbobinsu abinci da rani. Itacen da birni ke ƙonawa manyan motoci ne ke kawo shi daga nesa, daga dazukan da ba su da takamaiman mai su. Haka abin yake har yau: gawayin kasuwannin Kano yana shigowa ne daga kudancin jihar da jihohin da ke kudu da ita, irin su Kaduna da Bauchi da Neja da Nasarawa. Ke nan Kano tana iya cika gefen titunanta da dashe alhali murhunta yana cinye dajin wata jiha, kuma babu wata doka ta jiha ɗaya da za ta iya rufe wannan ƙofa.

## Aljihunan da ake ciro kuɗin

Na farko shi ne kasafin jiha, ta hannun ma'aikatar muhalli da hukumar dashen bishiyoyi. Abin lura a nan shi ne bambancin abin da aka rubuta a kasafi da abin da aka saki. Aikin daji yana bin damina ne. Dole a cika leda da ƙasa a shuka iri tun watannin rani domin dashen ya isa fita a Yuli. Kuɗin da aka saki a Satumba, ko da ya cika cif, ya makara.

Na biyu shi ne abin da dajin ke samarwa: kuɗin izini, tara, harajin motocin itace da gawayi. A ƙa'idar asusun bai-ɗaya, wannan kuɗi yana shiga babban asusun gwamnati ne, ya gauraya da sauran. Masu goyon bayan hakan suna cewa yana toshe ɓaraka. Malaman daji kuma suna ƙorafin cewa abin da daji ya haifa ba ya dawo masa, shi ya sa suke kiran a ware wani kaso a asusu na musamman da doka za ta hana taɓawa.

Na uku shi ne Asusun Muhalli na tarayya, wanda aka kafa a 1981 da kashi 1 cikin 100 na asusun tarayya, aka ƙara zuwa kashi 2 a 1992. Jihohi da ƙananan hukumomi suna samun nasu kaso. Sai dai asusun na zaizayar ƙasa ne da ambaliya da fari da kwararowar hamada duka, har hukumar agajin gaggawa tana sha daga cikinsa. Idan ruwa ya rushe gidaje a Agusta, babu wanda zai tsaya jayayya cewa kuɗin na shingen bishiyoyi ne. An kuma daɗe ana zargin karkatar da shi, majalisun tarayya sun sha gudanar da bincike a kai.

Daga wannan asusu ne hukumar Babbar Ganuwar Bishiyoyi take samun kashi 15 cikin 100, kamar yadda dokar da ta kafa ta a 2015 ta tanada. Shirin na Tarayyar Afirka ne, an amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Kano na cikin jihohi 11 na Najeriya da ya shafa, musamman arewacinta, wajen Ɗambatta da Makoɗa. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna abin da aka cimma a ainihin layin ganuwar bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. A Janairun 2021 masu ba da tallafi sun yi alƙawarin sama da dala biliyan 14 a taron Paris, amma alƙawari yana bi ta hannun bankuna da hukumomi da yawa kafin ya zama rijiya a wurin rainon dashe.

Sai bashi. ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021, dala miliyan 700 ne ga jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin gyara hekta miliyan 1 na ƙasar da ta lalace. Rance ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba, kuma jiha sai ta zuba nata kason. Ba na daji kaɗai ba ne, ya haɗa da madatsun ruwa da kwazazzabai da noma. Yana da wa'adi, kuma a nan tarihi ke da abin faɗa. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990 wani shirin Bankin Duniya ya ɗauki nauyin shingayen bishiyoyi a arewacin tsohuwar Jihar Kano, waɗanda da yawansu suka faɗa Jigawa bayan 1991. An dasa, sun kuma girma. Da kuɗin shirin ya ƙare sai motoci suka tsaya, wuraren raino suka bushe, gatari ya shiga.

Akwai sababbin hanyoyi biyu da ake yawan ambata. Gwamnatin tarayya ta sayar da takardun lamuni na muhalli na naira biliyan 10.69 a Disambar 2017, da na biliyan 15 a 2019, kuma wani ɓangare ya tafi dashen bishiyoyi. Wannan ma bashi ne. Ɗayar ita ce kasuwar kabon: kamfani a Turai ko Amurka da ke fitar da hayaƙi ya biya wanda ya dasa ko ya kare bishiya, takarda ɗaya a kan kowane tan na iskar da bishiyar ta zuƙe. A takarda abin yana da daɗi. A aikace, aunawa da tantancewa suna da tsada, bishiyar ƙasar rani ba ta tara nauyi da sauri kamar ta kurmin Kuros Riba, kuma yarjejeniyar kan ɗaure fili shekara ashirin ko talatin. Duk dagacin da aka kawo wa irin wannan takarda yana da haƙƙin ya san wa zai karɓi kuɗin, kashi nawa, da abin da za a hana mutanensa yi a filin.

## Watan Maris

Idan aka jera waɗannan aljihuna za a ga sun yi tarayya a abu ɗaya: kusan dukkansu sun fi son biyan abin da ake yi sau ɗaya. Sayen dashe kwangila ce, ana ƙirga ta, ana ɗaukar hotonta, ana rubuta ta a rahoto. Raino kuwa kuɗin gudanarwa ne, kuma shi ake fara yankewa idan aljihu ya yi ƙunci.

Ga abin da ke jiran dashen da aka sa a ƙasa a Agusta. Ruwa yana ɗaukewa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ba zai dawo ba sai bayan wata bakwai ko takwas. Da an kawar da amfanin gona ake sakin awaki da tumaki, kuma a lokacin ɗanyen ganyen da ya rage a fili shi ne na dashen. Gara tana cin saiwa ta ƙasa. Iskar hunturu tana busar da shi, masu farautar gafiya suna cinna wa ciyawa wuta, sannan zafin Maris da Afrilu ya zo ya ƙarasa abin da ya saura. Dashen da ya tsallake rani biyu ko uku yakan tsaya da ƙafarsa. Kafin nan yana buƙatar kewaye, da ruwa a kai a kai, da mutumin da zai ji ciwo idan ya mutu. Kuɗin waɗannan ya ninka kuɗin dashen kansa sau da yawa.

Shi ya sa adadin da ake sanarwa ranar ƙaddamarwa ba ya gaya wa mai sauraro komai game da inuwa. Adadin da ke da ma'ana shi ne nawa suka rayu bayan shekara uku, kuma shi ne ba a cika bayyanawa ba. Wasu shirye-shirye a ƙasashe daban-daban sun koma biyan mai raino bisa abin da ya rayu: a ba shi wani abu ranar dashe, sauran sai an dawo an ƙirga. Masu sukar wannan tsari suna cewa yana jefa talaka cikin asara idan fari ya zo, abin da ba laifinsa ba ne, kuma ƙirgar kanta tana buɗe ƙofar cin hanci.

Zaɓin iri ma yana shiga lissafin. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Borno a 1928, tana jure fari, awaki ba su cika damunta ba, shi ya sa ta mamaye titunan Kano. Bishiyar turare tana saurin girma tana ba da azara. Amma binciken da aka yi a shingayen Yambawa, kusa da Ɗambatta, ya nuna saiwar turare tana kwashe danshin geron da ke kusa da ita idan ba a datse ta ba. Manomin da aka dasa wa irin wannan shinge a bakin gona, ba a tambaye shi ba, ba a kuma ba shi ikon yanke ko reshe ba, ba shi da dalilin ba ta kariya.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Ɓangare na farko yana ganin maganin shi ne tsauraran dokoki. Jihohi da dama sun haramta ƙona gawayi, gwamnatin tarayya kuma ta sha dakatar da fitar da katako da gawayi waje. Hujjarsu tana da ƙarfi idan aka tuna abin da ya sami madobiya, wadda aka yi ta kwasa daga Taraba da maƙwabta zuwa Sin har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Suna kuma cewa babu malamin dajin da zai shiga ƙirga itace inda 'yan bindiga suka yi sansani, kamar yadda aka gani a dazukan Rugu da Kamuku, don haka tsaro ne farko. Masu ja da su suna amsawa cewa muddin tukunya na kan wuta a birni, haramci farashi kawai yake ƙarawa, da yawan shingayen karɓar na goro a hanya. Suna kuma tunatarwa cewa dakarun da aka amince da su a 2025 aikin tsaro aka ɗauke su, ba rainon daji ba, kuma idan ba a fayyace iyakar aikinsu ba, matar da ta je tsintar ƙirare ce za ta fi saurin shiga hannu.

Ɓangare na biyu yana nuna Maraɗi da Damagaram. A Nijar, dokar da aka gada daga Faransa ta mayar da bishiyoyi mallakar gwamnati, har manomi yana iya shan tara a kan icen gonarsa, don haka ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Daga tsakiyar shekarun 1980, bayan babban fari, aka sassauta, daga baya dokoki suka amince da haƙƙin manomi. Manoma suka riƙa barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran. Babu leda, babu tankar ruwa, domin saiwar tana nan da ranta tun da. An ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo ta haka, da bishiyoyi kusan miliyan 200, yawancinsu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana. Nijar ta kuma gwada ba ƙauyuka ikon gudanar da kasuwar itacen dajinsu, da rangwamen haraji ga itacen da aka sara bisa tsari. Masu taka-tsantsan suna cewa dawowar ruwan sama bayan shekarun fari ta taimaka, kuma reshen gona ba zai iya ciyar da murhun birni kamar Kano ba. Duk da haka babu shirin gwamnati a yankin Sahel da ya kai wannan yawa da irin wannan araha.

Ɓangare na uku yana cewa a ɗauki itace a matsayin amfanin gona: a ba 'yan kasuwa da ƙungiyoyi fili da takardar mallaka mai tsawo su noma itacen girki da gawayi. Matsalar ita ce wanda ya noma ya jira shekara biyar ko bakwai ba zai iya gogayya da wanda ya saro kyauta ba, kuma bankin kasuwanci ba ya ba da bashin da zai jira haka. Akwai kuma fargabar a fake da wannan a raba gandun daji ga masu hannu da shuni, a toshe burtali.

Na huɗu suna cewa a bar daji a dubi murhu. Gas mai araha, murhun zamani mai rage cin itace, gawayin da ake curawa daga ɓuntun shinkafa, wanda Kano ke da shi tuli saboda injinan casa. A lissafinsu, nairar da aka kashe a nan ta fi ceton bishiya a kan wadda aka kashe a dashe. Abin da ke rage wa hujjar ƙarfi shi ne an sha raba murhu kyauta a ga an jingine shi, ko don bai ɗauki tukunyar gidan mutum ashirin ba, ko don babu mai gyara.

Malaman addini kuma suna kawo wata ƙofa da ba ta cikin kasafin kowa. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya dasa itace, duk mutum ko tsuntsu ko dabbar da ta ci daga gare shi sadaka ce gare shi. Kano tana da hukumar zakka da hubusi, kuma wakafin rijiya da makaranta sananne ne. Wakafin gonar itace, wadda kuɗinta zai riƙa biyan mai ban ruwa, yana da irin dogon numfashin da aikin ke nema.

## Falgore da famfon birni

Falgore yana da faɗin kimanin hekta 92,000, a yankin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, a kan hanyar Jos. Kogin Kano yana ratsa shi kafin ya zuba a Tiga, madatsar da aka gina zamanin Audu Baƙo. Daga Tiga ake shayar da noman rani na Kadawa, wato shinkafa da tumatir da alkamar Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma a kogin ne matatar Tamburawa ke jan ruwan da ake turo wa birni. Idan dajin ya yi sanƙo, ruwan sama yana gangarowa da laka, madatsar tana cikewa a hankali, tace ruwan kuma yana ƙara cin magani.

A wasu ƙasashe an ɗaura wannan alaƙa da kuɗi. Kosta Rika tana ware kashi 3.5 cikin 100 na harajin mai don biyan masu filayen da suka bar daji a tsaye. A Nairobi akwai asusun da masu amfani da ruwa ke zubawa don gyaran gonakin da ke saman kogin Tana. Kwatankwacinsa a Kano shi ne a ɗora wani ɗan kaso a kuɗin ruwan masana'antu da na noman rani, a mayar da shi Falgore. Wahalar a bayyane take: unguwannin da suka dogara da 'yan garuwa ba za su karɓi sabon caji a kan famfon da ba ya kawo ruwa ba.

Mayar da Falgore gandun daji na ƙasa yana nufin albashin masu gadi ya koma wuyan tarayya, abin da ke sauke wa jiha nauyi. Yana kuma nufin hana kiwo da sara ga ƙauyuka da rugagen da suka daɗe suna rayuwa a gefensa. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta fara tsugunar da makiyaya a dajin Dansoshiya da ke Ƙiru, kuma yadda irin wannan matsuguni ya samu ruwa da ciyawa shi zai nuna ko shanun da aka fitar daga wani daji suna da wurin zuwa.

## Abin da zai iso ga talaka

Ga mai girki a birni, duk wani tsaurara doka da bai zo da madadin makamashi ba zai bayyana ne a farashin gawayi, daga nan ya shiga kuɗin burodi da gurasa da tsire. Idan kuma aka bar abin yadda yake, farashin zai ci gaba da hawa ta wata hanyar, domin mota tana ƙara nisa kafin ta cika, kuma dizal yana da tsada. 'Yan katako na Na'ibawa sun riga sun san wannan lissafi. Majema masu buƙatar bagaruwa, da masu sassaƙa turmi, da masu maganin gargajiya, da masu daddawa, kowannensu yana da icen da sana'arsa ta rataya a kai.

Ga manomi, abin da ya fi kowane tallafi tasiri shi ne a fayyace a rubuce cewa bishiyar da ya raina a gonarsa tasa ce, yana iya sassabe ta ya sayar ba tare da tsoron tara ba. Ga mai haya ko aron gona, da mata waɗanda galibi ba su da filin kansu, wannan bai wadatar ba, domin mai gona ba ya son a dasa masa abin da gobe za a kafa hujja da shi. Mai ƙona gawayi a ƙauye kuma, wanda shi ne ke samun kaso mafi ƙanƙanta a cinikin, shi ne hukunci ke fara samu.

Bashin ACReSAL da takardun lamuni za a biya su ne daga kason jiha da na tarayya shekaru masu zuwa, ko bishiyoyin sun rayu ko ba su rayu ba. Wanda ke son bin sawun kuɗin yana da inda zai duba: jihar tana wallafa kasafinta da rahoton aiwatar da shi duk wata uku a intanet. A ƙarƙashin ma'aikatar muhalli ana iya ganin abin da aka ware wa dashe, da abin da aka ware wa gudanarwa, da nawa aka saki a rubu'in farko na shekara, watannin da ake cika leda ana ban ruwa.